TABARAU MAI RAGA: YANA TARE HARSASHI, ƁARƁASHI FA?

Wata gardama ta daɗe tana gudana tsakanin masu wani wasan harbi da ake kira eyasof a ƙasashen Turai da Amurka da Gabas Mai Nisa, kuma har yanzu ba a kashe ta ba. Gardamar kuwa a kan abin da ɗan wasa zai sa ya kare idonsa ne. Waɗansu sun ce tabarau mai ragar ƙarfe ya isa, waɗansu kuma sun ce duk wanda ya shiga fili da shi caca yake yi da idonsa. Tun da yake irin waɗannan bindigogi, ko kuwa ƙannensu masu araha, sun riga sun iso kasuwannin ƙasar nan, ya kamata mai karatu ya ji yadda maganar take.

Shi dai wannan wasa, samari ne da magidanta sukan taru a daji ko a cikin wani tsohon gini, su rabu gida biyu, su yi shigar soja, sa'an nan su yi ta harbin juna da bindigogin da ba sa cin albarushi. Iska ce ke tura harsashin, shi kuma harsashin ɗan dunƙulen roba ne mai tauri. Wanda aka harba sai ya ɗaga hannu ya yi shela cewa an same shi, ya fita daga fili. Ba alƙalin da zai iya ganin kowane harbi, saboda haka wasan bisa amana yake tafiya.

A ƙasar Japan aka fara shi cikin shekarun 1970. Dalili kuwa, dokar da suka kafa a 1958 ta tsananta ƙwarai a kan mallakar bindiga da takobi, sai masu sha'awar bindiga suka koma ga ta kwaikwayo. A 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da bindiga mai aiki da batir, wadda ke ta zuba harsashi muddin yatsa na bisa kunama, kuma irinta ce ta cika filayen wasa daga Honkon har Ingila da Amurka. Mafi yawansu suna fitar da harsashi fiye da 10 a cikin sakan ɗaya.

ƘARAMI NE, AMMA

Faɗin harsashin milimita 6 ne, watau kwatankwacin ƙwayar waken suya. Wanda aka fi amfani da shi nauyinsa kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, ko da yake akwai masu nauyin da ya ninka haka. Idan mutum ya ɗora shi a tafin hannu ba zai ji ya ɗauki kome ba. To, amma yana barin bakin bindiga da gudun da ya kai mita 100 a sakan ɗaya, watau kilomita 360 a sa'a guda. Wanda ke tsaye a nisan mita 10 harsashin zai iske shi a cikin kamar kashi ɗaya bisa goma na sakan, kafin ma fatar ido ta gama rufuwa.

Masana suna auna ƙarfin bugun irin wannan abu da wani ma'auni da suke kira jul. Harsashin da aka ambata, a kan wannan gudun, ƙarfinsa jul 1 ne daidai. A Japan, tun gyaran dokar da aka yi a 2006, ba a yarda bindigar wasa ta kai jul 1 cikakke ba. A Ingila kuwa dokar 2017 ta yanke jul 1.3 ga bindiga mai zuba harsashi a jere, jul 2.5 ga mai harbi ɗai-ɗai. Yana da kyau mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi, domin za a dawo kansu.

Idan harsashin ya sami mutum a hannu ko a cinya, zafi ne kamar harbin zuma, wurin ya yi ja, bayan kwana biyu a manta. Ido ba haka yake ba. Allah ya gina wa ido katanga ta ƙashi, goshi daga sama, kumatu daga ƙasa, karan hanci daga gefe, shi ya sa ƙwallon ƙafa ko naushi sau da yawa a kan ƙashi suke ƙarewa. Abu mai faɗin milimita 6 ba ruwansa da wannan katanga, kai tsaye yake wucewa ya sauke duk ƙarfinsa a wuri ɗaya. Abin da likitocin ido suka fi gani shi ne ƙujewar fatar baƙin ido da taruwar jini a gaban ido. Bayan waɗannan akwai yana da kan fito sanadiyyar bugu, da ɓallewar labulen nan na can bayan ido wanda da shi ake gani, da kuma hawan matsin ido wanda kan ɓoye shekaru kafin ya bayyana. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka ya nuna cewa a cikin 2012 kaɗai yara fiye da 3,000 aka kai asibiti a ƙasar saboda raunin ido daga bindigogin iska iri-iri, kuma kusan dukansu ba su sa kome a ido ba.

Saboda haka babu filin wasan kirki da ke barin mutum ya shiga ido buɗe. A kan wannan kowa ya yarda. Inda aka rabu shi ne, me za a sa?

ABIN DA YA SA AKE SON RAGA

Tabarau iri biyu ne. Akwai mai gilashin roba, wanda ake yi da wata roba mai tsananin jimiri da ake kira folikabonet, irin wadda ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma da ita. Akwai kuma mai raga, wanda maimakon gilashi aka sa masa ƙarfe mai ƙananan huda kamar rariya.

Aibin na gilashi guda ɗaya ne, amma babba ne, watau tururi. Mutum yana gudu, yana gumi, numfashinsa yana tashi sama, nan da nan sai gilashin ya yi fari kamar madubin mota da asuba lokacin damina. Duk ɗan acaɓar da ya taɓa rufe gilashin hular kwano a cikin ruwan saman Ikko ya san wannan. Ɗan wasan da ba ya gani zai yi tuntuɓe, ko kuwa ya yi abin da ya fi haɗari, ya ɗaga tabarau don ya goge alhali kuwa harsashi na yawo. Masu goyon bayan raga a nan suke kafa hujjarsu. Suka ce raga ba ta yin tururi ko da an wuni ana gudu, don haka ba abin da zai sa mutum ya cire ta, kuma tabarau ɗin da ke fuska ya fi wanda ke goshi amfani kome ingancinsa.

Wannan magana ba a banza take ba, kuma ba daidai ba ne a ce raga ba ta tare kome. Raga mai kyau, wadda aka yi da farantin baƙin ƙarfe mai kauri aka huhhuda shi da inji, tana tare cikakken harsashi sarai. Ko an harbe ta a kusa, iyaka ta ɗan lotsa.

INDA GIZO KE SAƘA

Matsalar ita ce harsashin ba kullum yake zama cikakke ba. Roba ce mai tauri, kuma abu mai tauri idan ya bugi ƙarfe da gudun kilomita 360 yana iya tarwatsewa. Idan ya tarwatse a jikin gilashin roba, ɓarɓashin a waje zai zube. Idan kuwa a jikin raga ne, to hudar da ke shigo da iska ita ce kuma za ta shigo da ɓarɓashi, ga ido nan a bayanta tazarar da ba ta wuce yatsa ɗaya ko biyu ba. Gefen hudar ma kansa kamar wuƙa yake yi wa harsashin, ya kankare shi kamar yadda magogi ke yi wa kuɓewa ko rogo. Ɓarɓashin ba shi da ƙarfin cikakken harsashi, gaskiya ne, amma mutumin da ƙwayar yashi ɗaya ta taɓa faɗa wa a ido lokacin hunturu ya san ba sai abu ya yi girma yake hana barci ba.

Abubuwa biyu ke ƙara yawan fashewar harsashi. Na farko araha. Harsashi mai arha sau da yawa yana da kumfar iska a cikinsa, ga kuma layin da aka haɗa ɓari biyunsa a bayyane, nan ne yake tsagewa. Na biyu kuwa abin mamaki ne, domin daga kyakkyawar niyya ya fito. Filaye da yawa da ke cikin daji sun tilasta a yi amfani da harsashin da ke ruɓewa a ƙasa, don kada a cika gonaki da dazuzzuka da roba. Ana yin irin wannan daga wata roba da ake samu daga sitacin masara da makamantansa, kuma idan ya daɗe a ajiye ko ya sha danshi sai ya yi gautsi. Ɗan wasa yana iya zaɓen harsashi mai kyau ya zuba a tasa bindigar, amma ba shi da iko a kan abin da abokin gaba ya zuba a tasa, ita kuwa ce ke kallon fuskarsa.

Har ila yau akwai fenti. Yawancin ragar ana shafa mata baƙin fenti don kada ta yi ƙyalli ta kashe ido. Harsashi idan ya buga, fentin kan ɓare daga ciki ya yi tsalle zuwa ido. Idan fenti ya tafi gumi ya shiga, sai tsatsa ta biyo baya.

Sa'an nan ba kowace raga ce farantin ƙarfe ba. Akwai ta waya saƙaƙƙiya, 'yar'uwar wadda ake bugawa a taga don sauro, kuma ita ce ta fi yawa a cikin tabarau masu arha da ake sayarwa tare da bindiga. Wayoyin ba a manne suke da juna ba, bugu ɗaya kan ture su gefe, hudar ta ƙara faɗi, na biyu ko na uku ya sami hanya. Ga bindigar da ke zuba fiye da 10 a sakan ɗaya, samun wuri ɗaya sau uku ba abin mamaki ba ne. Waɗansu kuma ragar ba ta tsage ba, amma sai ta fice gaba ɗaya daga firam ɗin da aka manna ta da gam. Wanda ya bar gilashi don tururi ya koma irin wannan, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

'Yan wasa da yawa suna da al'adar gwada sabon tabarau, su ɗora shi a kan kututture su harbe shi a kusa, in bai huje ba su ce ya ci jarrabawa. Wannan gwaji yana fallasa na banza, amma ba ya wanke na kirki. Abin da ya nuna kawai shi ne wannan harsashi a wannan rana bai wuce ba, kuma tabarau ɗin da aka yi wa ruwan harsashi ya riga ya rage ƙarfi. Mai son ya gane zancen ɓarɓashi, farar takarda ya kamata ya sa a bayan ragar kafin ya harba, ya duba abin da zai manne a jikinta.

Ƙaramin aibi kuma shi ne raga tana rage haske. Da rana ba a lura, amma da almuru ko a cikin gini mai duhu sai gani ya dusashe.

LAMBOBIN DA KE JIKIN TABARAU

Tabarau na kariya na gaskiya yana da hatimi a jikin gilashin da kuma firam. Na Amurka yana ɗauke da Z87, kuma sai an ga alamar tarawa a gabansa, watau Z87+, sa'an nan ya nuna an gwada shi da bugu mai gudu. Ana harba masa ƙwallon ƙarfe mai faɗin rubu'in inci, daidai da boris ɗin da ke cikin ƙafar baya ta keke. Ga tabarau mai hannuwa irin na karatu gudun ƙwallon kamar mita 45 ne a sakan, ga mai ɗamara wanda ke manne da fuska kuwa kamar mita 76. Akwai kuma wani ma'aunin Amurka mai lamba ASTM F2879 wanda musamman don wasan eyasof aka yi shi.

Na Turai an daɗe ana buga masa EN 166, tare da harafi ɗaya da ke nuna ƙarfinsa, ko da yake wani sabon ma'auni mai lamba ISO 16321 yana maye gurbinsa. Harafin F yana nufin ya jure ƙwallon ƙarfe mai milimita 6 a gudun mita 45, harafin B mita 120, harafin A kuma mita 190. Idan aka yi lissafi, F bai kai jul 1 ba, B ya ɗan haura jul 6, A ya haura jul 15. Yanzu sai mai karatu ya tuna da jul 1.3 da 2.5 na dokar Ingila. Ashe ke nan ko tabarau mai gilashi, in harafinsa F ne, gwajin da aka yi masa bai kai ƙarfin bindigar da doka ta halatta ba. Ƙwallon ƙarfe ya fi na roba ɓarna, wannan ya ɗan rage tazarar, amma mai hankali B zai nema.

Raga ma tana da nata ma'auni a Turai, EN 1731, sai dai don masu yankan itace da zarton inji da masu yankan ciyawa aka yi shi, mutanen da ɓawon itace ke tashi ya doki fuskarsu. Su ma ana ba su shawara su sa tabarau mai gilashi a ƙarƙashinta. Yawancin tabarau masu raga da ake sayar wa 'yan wasa ba su da ko wannan hatimin.

Shi ya sa filaye da yawa a Amurka suka hana raga ƙwata-ƙwata, suka ce sai mai gilashi da ke manne da fuska ta kowane gefe, domin harsashi kan daki bango ya dawo ta gefe ko ta ƙasa. A Ingila an fi sassauci, filaye da dama suna barin babba ya zaɓa da kansa, amma galibi wanda bai kai shekara 18 ba sai ya rufe fuska duka. A wasan harbi da ƙwallon fenti kuwa, wanda ake yi a waɗansu wuraren shaƙatawa na Ikko da Abuja, zancen raga bai ma taso ba, don kuwa fenti da ɓawon ƙwallon ratsa ta za su yi.

Tururin da ya jawo duk wannan gardama yana da magani. Akwai gilashi mai ninki biyu da iska a tsakani, akwai mai ɗan ƙaramin fanka da batir, akwai ruwa da ƙyalle na musamman da ake gogawa. Dukansu sun fi raga tsada, kuma babu wanda ke aiki ɗari bisa ɗari. Abin da ba a so shi ne a goge folikabonet da fetur ko tina, suna cin robar su sa ta yi gautsi ba tare da an gani ba. Kuma hatimi ma ana buga na jabu, don haka tabarau ɗin da aka ce ya kai wannan matsayi amma kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba, abin tuhuma ne.

Wannan duka bai sa an jefar da raga ba. Wurinta ne aka sauya. Harsashin yana karya haƙori, yana fasa leɓe, a nan kuwa raga ba ta da na biyu, tana kare baki da hanci da kunne, ga numfashi na fita ba tare da ya hau gilashi ba. Shigar da ta fi yawa a filaye yanzu ita ce gilashi a ido, raga daga hanci zuwa haɓa.

BINDIGAR SALLAH

Mai karatu da ke Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal yana iya cewa wannan wasan masu hali ne, ina ruwan mai neman na tuwo? Ruwansa shi ne tsarabar Sallah. Bindigogin roba masu sifirin da ake jibgewa a kasuwa gab da Sallah da Kirsimeti, waɗanda ake haɗawa da ƙullin ƙananan harsasai masu launin rawaya, dangin waɗancan ne. Ƙarfinsu bai kai na manyan ba, amma yara ba sa harbi daga nesa, kuma harsashinsu shi ne mafi arha, mafi saurin fashewa. A wani kwalin akan saka ɗan tabarau na roba mai laushi, wanda ado ne kawai. Tabarau na rana ko na karatu kuwa ya fi rashinsa haɗari, domin in ya fashe gilashinsa ido zai nufa. A ƙasar Afganistan, bayan ƙaramar Sallah ta 2015, gwamnati ta hana sayar da bindigogin wasa saboda yara fiye da 100 da aka kai asibiti da raunin ido cikin kwanakin bikin.

Akwai kuma wani abu da ya shafi mutanen ƙasar nan fiye da Japanawa da Turawan da suka ƙago wasan. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da iri ɗaya na jinin sikila, watau AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, wani ma bai sani ba. To, idan jini ya taru a gaban idon irin wannan mutum, ƙwayoyin jinin sukan lanƙwashe a can ciki su toshe magudanar ruwan ido, matsi ya hau, kuma jijiyar ganinsa ta fi ta sauran mutane saurin lalacewa. Jinin da zai washe da kansa a idon wani yana iya makantar da shi. Bugu da ƙari, akwai magungunan rage matsin ido da likita ba ya ba mai irin wannan jini. Saboda haka wajibi ne a gaya wa likita tun da farko, in kuwa ba a san irin jinin yaro ba a nemi a gwada.

Idan tsautsayi ya auku, kada a murza idon, kada a hura, kada a yi ƙoƙarin ciro kome da tsinke ko auduga. Kada a ɗiga nono ko ruwan sukari ko ruwan albasa, kada a sa kwalli. Kada a ba da asfirin, yana ƙara zubar jini. A yanke gindin kofin roba mai tsabta a kife a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a manne da filasta, a bar yaron a zaune kansa a sama, a nufi asibitin ido a ranar, ko da ya ce yana gani kuma zafin ya tafi, domin jinin kan sake ɓallewa cikin kwana biyu zuwa biyar, kuma na biyun ya fi na farko muni. Mazauna Ikko suna da sashen ido a asibitin koyarwa da ke Idi-Araba, na Badun suna da asibitin koyarwa na jami'a, wanda kuma abin ya same shi bayan ya je gida Sallah akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano.